Me ya sa labarin masifa ya fi labarin alheri kasuwa?

Auwal_Ɗan_Unguwa: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko a samu mai warware mini. Matasan unguwarmu mun yi wata bakwai muna karo-karo, muka gyara rijiyar burtsatsen da ta shekara uku a lalace, muka sa mata sola da tanki. Ranar da ruwa ya fara zuba na ɗauki hoto, yara na ta tsalle da jarkoki, na ɗora a shafina. Mutum goma sha ɗaya ne suka danna, uku daga ciki 'yan gidanmu. Bayan kwana biyu wata tirela ta kife a hanyar kasuwa, ba wanda ya mutu ma, buhunan masara ne suka zube. Na ɗora shi ma. Kafin magariba an tura shi fiye da sau ɗari huɗu, har da masu cewa mutum goma sun rasu, alhali ina tsaye direban ya fito da ƙafarsa yana karkaɗe riga. Mu ne fa in an ce "ina labari" muke cewa "sai alheri". To me ya sa alherin ba ya tafiya?

Uwar_Biyu: Wa alaikumus salam. Faɗan da babu ruwanka ai daɗin kallo gare shi, tun kafin a ƙera waya haka muke. A yi hatsari a titi ka ga cunkoso har ɗaya hannun da ba abin da ya tare shi, kowa ya rage gudu yana leƙe.

Direban_Funtuwa: Malam Auwal ka yi haƙuri, ni ina cikin masu tura irin na tirelar nan, kuma ba na jin kunya. Shekarata goma sha huɗu ina jan mota tsakanin Funtuwa da Gusau. Kafin in yi lodi da safe sai na buɗe waya na ji yadda hanya ta kwana: an tare ko ba a tare ba, a wane gari, da ƙarfe nawa. Muna da zaurenmu na direbobi a WhatsApp, motar farko in ta wuce lafiya sai ta sanar. Rijiyarku Allah ya saka da alheri, amma in ban ji labarinta ba babu abin da zai same ni. Wancan kuwa in ban ji ba, ni da fasinja goma muna iya kwana a daji. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Ɗalibin_Zariya: Abin da direba ya faɗa shi ne kusan abin da masana halayyar ɗan Adam suke faɗa, shi dai ya faɗe shi a taƙaice. Ka ɗauki mutum biyu a bakin daji, suka ji motsi a cikin ciyawa. Ɗaya ya ce zaki ne ya zura da gudu, ashe iska ce, asararsa haki kawai. Ɗaya ya ce iska ce, ashe zaki ne. Wannan ba zai dawo gida ya ba da labari ba. Saboda haka hankalinmu a ɗane yake kamar tarko, abin tsoro yake fara kamawa. Akwai wasu masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, da suka nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciya, daga baya aka ƙiyasta ya kai kusan ninki biyu. Ka tsinci dubu biyar a hanya, murnar yini ɗaya ce. Taka dubu biyar ɗin ta faɗi, sai ka yi mako kana laluben aljihun rigar da ka riga ka duba sau uku. Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002 a kan irin wannan aikin.

Hajiya_Mai_Atamfa: Wallahi ɗan nan ka faɗi gaskiya. Ina sayar da atamfa da leshi, a rana sai mutum talatin su saya su yi godiya su tafi. Mace ɗaya ta dawo ta ce zanen da na sayar mata yana zuba, ta faɗa mini magana a gaban mutane, to ranar ko tuwo ba na iya ci. Talatin ɗin nan ko fuskarsu ba na tunawa, ita kuwa har kalar mayafinta ina riƙe da ita. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Baban_Khalifa: Ku bar wani zaki da wani Bature. Hassada ce da baƙin ciki, a kira abu da sunansa. Labarin hanya da direba ke nema daban. Amma me zai kashe ka in ba ka ji auren wata 'yar fim ya mutu ba? Ko an kama wani Alhaji da bashin banki? Nan fa aka fi yin tururuwa. Talaka in ya ji mai kuɗi ya faɗi sai ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe dai ba ni kaɗai ba ne. Kuma ku yi haƙuri, mata suka fi yawa a wannan layin.

Uwar_Biyu: Baban Khalifa a'a, tsaya nan. Teburin mai shayi da majalisar bakin titi mata ne ke zama a can? Maigidana in ya dawo daga majalisa da daddare ya fi rediyo labari, wanda aka kora daga aiki, wanda ya saki matarsa, wanda aka ƙwace wa fili. Ku naku sunansa "tattaunawa", namu ne gulma.

Zee_Kaduna: Anti kin gama magana, a ba ki lemo mai sanyi.

Baban_Khalifa: To na janye rabin maganar, na bar rabi.

Tsohon_Ɗan_Jarida: Na yi shekara ashirin da ɗoriya a ɗakin labarai kafin in yi ritaya, kuma kullum mu ake zagi, wai ba ma kawo komai sai tashin hankali. Bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki. Jirgi ɗari su sauka lafiya a filin jirgin Kano, ba edita ɗaya da zai ba ka minti guda a kai. Taya ɗaya ta fashe, shi ne kanun labarai. Ba mugunta ba ce, ma'anar labari ke nan, abin da ya saɓa wa yau da kullum. Sannan masifa farat ɗaya take zuwa, tana da rana da sa'a da hoto. Alheri kuwa a hankali yake taruwa, kamar rijiyar Auwal, wata bakwai ana tara ɗari biyar ɗari biyar. Wace rana a ciki za ka aika ɗan rahoto?

Kuma an gwada abin da kuke nema. A 2014 wata kafar labarai ta intanet a birnin Rostov na Rasha ta ware yini guda ba ta buga komai ba sai labari mai daɗi. A ranar ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na masu karanta ta. A Kanada ma, a jami'ar McGill, an zaunar da mutane gaban kwamfuta aka ce su zaɓi labarin da suke so su karanta, ana lura da su. Na rikici da cin hanci suka fi buɗewa, har da waɗanda da aka tambaye su suka ce su labarin alheri suka fi so. Baki na faɗin abu ɗaya, yatsa na yin wani.

Malamin_Firamare: Baba ɗan jarida, da girmanka, amma wannan kamar mai sayar da kayan maye ne ya ce ai su suke zuwa saye. Don mutane na so ba shi ne hujjar a yi ta ɗura musu ba.

Tsohon_Ɗan_Jarida: Malam ban musa ba. Amma ka tuna kuma, in ba a faɗi mummunan ba, wa zai gyara? Asibitin da babu magani, makarantar da yara ke zaune a ƙasa, in muka yi shiru muka kawo labarin bikin yanke kintinkiri kawai, sai ku ce an saye mu. Kuma da kun yi gaskiya.

Nas_Hauwa: Maganar Baba ta cewa alheri a hankali yake zuwa ta tuna mini da abu. Wa ya tuna kurkunu a nan? Ina yarinya a ƙauyenmu, da damina sai ka ga magidanci kwance, tsutsa na fitowa daga ƙafarsa ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, gona ta zauna ba mai nomawa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu ita a Najeriya, mu ne kan gaba a duniya. Aka yi ta raba matatar ruwa, ana haƙa rijiyoyi, Janar Gowon da kansa yana yawo ƙauyuka. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu ita a ƙasar nan. Haka shan inna, an ga na ƙarshe a Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ya taɓa turo muku wannan a waya? Amma a ce allurar rigakafi ta kashe yaro a wani gari da ba a ma faɗi sunansa ba, kafin azahar ya zaga dangi kaf.

Zee_Kaduna: Ni wallahi yau na fara jin kalmar kurkunu, sai da na tambayi Mama.

Nas_Hauwa: To kin gani, rashin saninki ɗin nan shi ne labarin.

Malam_Na_Zaure: Jama'a, abin nan ba sabo ba ne, Alƙur'ani ya yi magana a kansa. A Suratun Nisa'i aya ta 83 Allah ya zargi waɗanda in wani al'amari na aminci ko na tsoro ya zo musu sai su yi ta watsa shi, maimakon su mayar da shi ga waɗanda za su iya tantancewa. A Hujurat aya ta 6 aka ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Waɗanda suka ƙara wa tirelar Auwal gawa goma, ba su ɗauka ƙarya suke yi ba, a ganinsu tunatarwa suke, har da "Innalillahi" a sama. Akwai kuma wani hadisin a Muslim ɗin dai, cewa idan mutum ya ce mutane sun halaka to shi ne mafi halakarsu. Wannan ya kamata masu "ai ƙasar nan ta gama lalacewa" safe da yamma su yi tunani a kai. Direba da ke neman labarin hanya don ya tsira da fasinjansa ba ya cikin wannan.

Direban_Funtuwa: Allah ya gafarta Malam, na gode da ka fitar da ni. Ko a zauren namu ma akwai doka, in ka ce an tare hanya sai ka faɗi wa ya gani. Mun taɓa cire wani don ya turo hoton motar da ta ƙone shekara biyu da suka wuce, ya sa motoci shida suka fasa tafiya ranar kasuwa.

Injiniya_Sadiq: Duk abin da aka faɗa akwai ƙamshin gaskiya, amma an bar babban mai laifi a gefe. Halin namu tsoho ne, na yarda, sai dai yanzu an samu injin da ya gane halin yana cin abinci da shi. Abin da kake gani a wayarka ba kai kake zaɓa ba, manhajar ce ke lissafin abin da ya fi tsayar da yatsanka. A takardun cikin gida na Facebook da wata tsohuwar ma'aikaciyarsu, Frances Haugen, ta fitar a 2021, an ga cewa akwai lokacin da suke ba alamomin fuskar nan, har da ta fushi, maki biyar, babban yatsa kuma maki ɗaya. Daga baya suka rage. Ma'ana rubutun da ya fusata mutane shi ake ƙara turawa gaba. A 2023 an buga wani bincike a kan kanun labarai fiye da dubu ɗari, aka ga duk kalma mara daɗi ɗaya da aka ƙara a kanu tana ƙara yawan masu buɗewa da kusan kashi 2.3 cikin ɗari. Na jami'ar MIT kuma a 2018 ya nuna labarin ƙarya a Twitter ya fi na gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin ɗari. Yanzu ku haɗa wannan da biyan masu shafuka kuɗin talla. Yaron da ke zaune ba aikin yi ya gane "Da ɗumi-ɗumi" da "Yanzu-yanzu" da "Tirƙashi" su ke kawo dala. Me kuke tsammani zai rubuta?

Auwal_Ɗan_Unguwa: Injiniya to ke nan ba lallai mutane ne suka ƙi hoton rijiyar ba, wataƙila ma ba a nuna musu shi ba?

Injiniya_Sadiq: Duka biyun. An nuna wa 'yan kaɗan, suka wuce ba su tsaya ba, injin ya ce wannan ba ya ci, ya ajiye shi. Da a ce mutum biyar sun yi faɗa a ƙarƙashinsa a kan wa ya ci kuɗin karo-karon, da ka ga ikon Allah.

Hajiya_Mai_Atamfa: Ku kun manta wankan gishiri? Lokacin Ebola, 2014. Ƙarfe ukun dare yayata ta kira ni tana kuka, wai a tashi yara a yi musu wanka da ruwan gishiri a sha kafin asuba. Muka tashe su suna ta ihu, gishirin miyar wata guda ya ƙare a bokiti. Daga baya muka ji wasu sun kwanta asibiti, har an samu waɗanda suka mutu saboda shan gishirin. Cutar kuwa iyakarta Legas da Fatakwal, ko kusa da mu ba ta zo ba.

Uwar_Biyu: Hajiya kin tono asiri, mu ma mun yi. Har yau in na tuna sai in yi dariya in yi istigfari.

Ɗan_Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni abin da na lura da shi bambancin zamani ne. Tsohona mutumin rediyo ne, da asuba ya kama BBC Hausa, da rana Jamus, da dare Amurka. Duk yaƙin duniya yana ji, ya san sunan shugabannin da ni ban sani ba. Amma rabin awa ne, in an gama sai ya kashe ya rataye rediyon a ƙusa ya tafi gona. Masifar tana da lokacin buɗewa da na rufewa. Ni kuwa salula tana ƙarƙashin matashina, ƙarfe ɗayan dare ina kallon gawar mutanen da ban sani ba a ƙasar da ban taɓa zuwa ba. Da safe in tashi raina a ɓace, in rasa wa ya ɓata mini.

Bazamfara: Ni dai ina karanta ku tun ɗazu. Wanga abu da kuke kira mummunan labari, mu shi ne rayuwarmu, ba kallo muke ba. Lokacin da anka katse layukan waya a Zamfara cikin Satumba 2021, sannan munka san darajar labari. Ba ka san ko ƙauyenku lafiya ba, ba ka san ko an ɗauki wani naka ba, mutane har Funtuwa suke zuwa don su buga waya kawai. Rashin jin ya fi jin ciwo. Kuma ni abin da ke ƙona mini rai daban ne da naku. Ba yawan jin da kuke yi ba, saurin mantawa. A kashe mutum arba'in a ƙauye, ku rubuta "Allah ya jiƙansu" ku wuce zuwa bidiyon wani ɗan barkwanci. In da gaske mutane na son mummunan labari, namu ya daina yi musu daɗi, ya zama tuwon jiya.

Malamin_Firamare: Allah ya kawo muku sauƙi 'yar'uwa. Wannan maganar ta yi mini nauyi, don ni ma na yi hakan.

Ɗalibin_Zariya: Yaya Bazamfara, abin da kika faɗa bai saɓa wa na farko ba. Abin da ke jan hankali sabon tsoro ne, in ya maimaitu sai jiki ya saba, a nemi wanda ya fi shi. Shi ya sa ma wasu suka daina sauraro gaba ɗaya. Cibiyar Reuters da ke jami'ar Oxford ta ce a rahotonta na 2024, kashi 39 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya a ƙasashe da dama suna kauce wa labarai da gangan, a 2017 kuwa kashi 29 ne.

Bazamfara: Su suna da inda za su kauce.

Ɗan_Zangon_Kumasi: Mu da ke nesa abin ya fi yi mana illa ta wata fuskar. Mahaifiyata 'yar asalin Katsina ce, rabonta da gida shekara tara. Duk abin da take ji daga can kisa ne da sata, har ta ɗauka ba mai fita ƙofar gida a Arewa baki ɗaya. Bara na je bikin ɗan kawuna, ta yi kwana biyu ba ta yi barci ba. Na tarar kasuwa na ci, yara na zuwa makaranta, an yi kamu an yi walima, kuma a garin dai akwai hanyar da aka ce kar in bi bayan la'asar. Duka biyun gaskiya ne, amma ɗaya kawai ke iso mana nan.

Tsohon_Ɗan_Jarida: Wani malamin jami'a a Amurka, George Gerbner, ya yi nazarin irin wannan tun shekarun 1970, ya ga masu yawan kallon talabijin sun fi ɗaukar duniya a matsayin wuri mai haɗari fiye da yadda take. Sai dai ina tsoron a ɗauki wannan a je a ce wa Bazamfara tsoronsa na talabijin ne.

Baban_Khalifa: Har yanzu dai ba wanda ya ba ni amsar maganar mutuwar auren 'yan fim. Wane zaki ne a ciki?

Zee_Kaduna: Zakin shi ne kishiya, Baba. Mace na karantawa ne tana auna nata gidan.

Nas_Hauwa: Mun yi ta surutu, ba wanda ya tambayi Auwal. Ƙanina, rijiyar tana nan tana ba da ruwa?

Auwal_Ɗan_Unguwa: Alhamdulillahi Anti, tana yi. Daga ƙarfe tara in rana ta buɗe tanki ke cika, har 'yan unguwar gaba suna zuwa da kura. Mun sa wani dattijo yana kula da famfunan, ana ba shi ɗan abin goro duk Juma'a. Jiya dai aka ɗan samu hatsaniya a layi, wasu mata biyu suka kaure har aka fasa bokiti.

Uwar_Biyu: Subhanallahi. Me ya haɗa su?

Baban_Khalifa: Akwai bidiyo?